Darasi na 7: Yaron da Abincinsa Bai Wuce Kala Uku Ba

Karanta wannan hira.

Wata uwa ta kai ɗanta mai shekara 4 asibitin sha-ka-tafi. Yaron ba ya magana sosai, ba ya son haɗa ido da mutane. Likita ya riga ya ce yana da lalurar galahanga, wadda a asibiti ake kira otizim.

"Malama, yaron nan ya sa ni gaba," in ji uwar. "Daga burodi sai farar shinkafa sai shayi. Ko miyar kuɓewa ya hango a kwano, sai ihu."

"Ana yi masa ɗura?" in ji ma'aikaciyar asibitin.

"Kakarsa ce ke yi. Ta ce sangarta ce."

"Ki lallaɓa Hajiya ta daina. Ba sangarta ba ce."

Me ya sa yake ƙi?

Yara da yawa masu wannan lalura suna jin abu fiye da yadda muke ji. Yauƙin kuɓewa, warin daddawa, gudaji a cikin koko, duk suna iya tayar musu da hankali. Wani ma launin abinci kawai yake kallo. Burodi kuwa kullum ɗanɗanonsa ɗaya, shi ya sa yaro ke amincewa da shi.

Ɗura tana ƙara masa tsoron abinci. Tana kuma da haɗari, domin kunu kan iya bi ta hanyar numfashi ya shiga huhu.

Ƙiba ba lafiya ba ce

Nan ne iyaye ke ruɗewa. Yaron da ke cika cikinsa da shinkafa da sukari yana iya yin kumatu, alhali jininsa ya yi ƙasa. Duba tafin hannunsa da cikin fatar idonsa. In sun yi fari fat, a je a auna jini. Hanta, nama, kifi, wake da zogale suna ƙara jini. Lemo ko gwaiba bayan cin wake suna taimaka wa jiki ya ɗauki amfaninsa. Shayi kuwa yana rage wannan amfani, don haka a raba shi da lokacin cin abinci.

Ƙashi na buƙatar madara, kindirmo, da ɗan wasa a hasken rana. Ido na buƙatar manja, gwanda, mangwaro da karas. Yaro mai wata 6 zuwa 59 ana ɗiga masa bitamin A duk bayan wata shida. Kada a bari ya wuce shi.

Taurin bayan gida ya yi yawa ga waɗannan yara, kuma ba kowanne ne zai iya faɗa ba. Wani sai dai ya yi ta kuka ko ya ƙi cin abinci. A ba shi ruwa sosai, da gwanda, da ganye. In kuma yana cin ƙasa ko gawayi, a gaya wa likita.

Yadda za a ƙara masa sabon abinci

A fara da abin da ya saba. In kunu yake sha, a zuba rabin cokali na garin gyaɗa ko na waken suya, a ƙara kaɗan-kaɗan. Mai son abu mai ƙaras-ƙaras a gwada masa ƙosai ko soyayyar awara. Sabon abu a ajiye shi gefe a wani ƙaramin kwano, kamar loma ɗaya. In ya taɓa ko ya sunsuna, a yaba masa. Ana iya kawowa sau 10 ko 15 kafin ya kai baki, wani ma fiye. Aikin na son haƙuri, kuma mahaifi ma yana da rabonsa a ciki.

A kashe talabijin, a zaunar da shi wuri ɗaya, lokaci ɗaya kullum.

Za ka ji masu cewa a hana shi alkama da madara zai warke. Bincike bai tabbatar da haka ba. Yaron da abincinsa kala uku ne, in an cire biyu me ya rage? Kada a hana shi komai sai da shawarar likita.

In yana ramewa, ko ƙafafunsa sun kumbura, a kai shi asibiti ranar. Za a auna damtsensa da ɗan tef mai launi: ja, wato ƙasa da santimita 11.5, alamar tamowa ce mai tsanani.

Aikin gida

Rubuta duk abin da yaro ɗaya a gidanku ya ci cikin kwana uku. Ja layi a ƙarƙashin masu ƙara jini. Zo da takardar aji na gaba.