Yadda Ake Sabar wa Yara Masu Buƙata ta Musamman da Dokokin Tsafta da Tsaro a Makaranta

Kuskuren sabbin malamai kusan ɗaya ne. Sai su tara yara a asambuli, su zayyano dokoki goma, su ɗauka an gama. Kurman da ke layin baya bai ji ba, makauniya ba ta ga allon da aka ɗaga ba, mai lalurar galahanga kuwa tun doka ta biyu hankalinsa ya tafi wani wuri. Batun gyara banɗaki da tanadar ruwa ba zan taɓo shi ba, duk wanda ya riƙe aji ya san wannan.

Ka ɗauki abu ɗaya tak, ka yi mako biyu a kansa. Ni da wankin hannu nake farawa, gab da damina, lokacin da amai da gudawa ke yawaita a Gusau da kewaye. Kada ka tsaya ga cewa "ku wanke hannu". Gutsuttsura shi za ka yi: a buɗe famfo, a jiƙa hannu, a shafa sabulu, a cuɗa har tsakanin yatsu na daƙiƙa 20, a ɗauraye. Makaho ka sa hannunsa cikin naka ku yi tare, kullum kana rage riƙon har ka sake shi. Kurma ka zana masa matakan a bango daidai saitin bokitin mai famfo. Bokitin nan kada ya taɓa sauya mazauni, kuma a ɗora shi inda mai keken guragu zai kai. Sabulu a huda shi a ɗaure da igiya, in ba haka ba kuɗin aljihunka ne zai ƙare.

Inda aikin yake shi ne atisayen fita cikin gaggawa. Tun sace ɗalibai da aka yi a Jangebe a watan Fabrairun 2021, da Birnin Yauri a watan Yunin shekarar, ba malamin da zai ce wannan wasa ne. A nan na yi tuntuɓe. Ranar farko ban gaya wa kowa ba, na rafka wa ƙarfen da ke rataye a jikin bishiyar dogon yaro duka. Da muka taru na ƙirga, babu biyu. Na tarar da wata yarinya kurma zaune ita kaɗai tana kwafar aikin allo, ba ta san aji ya watse ba. Ɗayan yana ƙarƙashin benci ya toshe kunnuwa yana rawar jiki, sai da ya kwana uku bai zo makaranta ba. Har yau abin yana damuna.

Don haka kada ka yi musu bazata. Ka sanar tun da safe. Makon farko babu ƙararrawa sam, tafiya kawai za ku yi a natse daga aji zuwa wurin taruwa, hanya ɗaya kullum, makaho yana ƙirga taku yana shafa bango. Mako na biyu ka shigo da jan ƙyalle, wanda monita zai kaɗa a gaban aji saboda kurame, da taɓa kafaɗa sau uku ga wanda ya sunkuyar da kai. Sai a mako na uku ƙararrawa za ta shigo, a hankali, mai jin tsoron ƙara ma ka ba shi sandar ya buga da kansa. Kowane yaro a haɗa shi da abokan tafiya biyu, domin ɗaya kan yi fashi. A wurin taruwa a kira suna, kada a ƙirga kai.

Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta gyara gine-ginen gwamnati yadda kowa zai iya shiga. Kafin gyaran ya iso gare ku, ƙasa da ɗan siminti sun isa a yi gangara a bakin aji.

Mai farfaɗiya in ta tashi, a kawar da benci, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko ruwa a baki. In ta haura minti 5, sai asibiti. Rubuta sunan mai shan magani da lokacinsa ka ajiye a durowa. Iyaye kuma ka nuna musu alamun atisayen nan ranar taron iyaye da malamai, don a riƙa yin irinsu a gida, musamman kafin hutu.