Yadda Ake Shirya Tafiyar Kwana Biyar a Mota a Yankin Tafkuna da Gonakin Inabi na Jihar New York

A tsakiyar jihar New York ta ƙasar Amurka akwai wasu tafkuna goma sha ɗaya, dogaye kuma sirara, waɗanda suka kwanta jere da juna daga arewa zuwa kudu, har suka yi kama da yatsun hannu idan aka dube su a taswira. Wannan ne ya sa ake kiransu Finger Lakes, wato tafkunan yatsu. Tsaunukan ƙanƙara ne suka haƙa kwarurrukansu dubban shekaru da suka wuce, kuma sunayen da dama daga cikinsu, irin su Seneca da Cayuga, sunaye ne na al'ummomin Haudenosaunee da suka zauna a wurin tun kafin zuwan Turawa. A kan gangaren da ke gefen tafkunan ne aka shimfiɗa gonakin inabi da suka yi wa yankin suna. Ga mai zama a birnin New York, ko baƙon da ya kai wa 'yan'uwa ziyara a Bronx, tafiyar awa huɗu da rabi ce a mota.

Mataki na farko shi ne ka zauna da taswira kafin ka biya kuɗin komai, domin akwai abu guda da ke rusa shirin yawancin baƙi: babu gadar mota da ta ratsa tsakiyar manyan tafkunan. Tafkin Seneca ya kai kusan kilomita 61 a tsawo, Cayuga kuma ya ɗara shi kaɗan, saboda haka gonar da kake hange a tsallaken ruwa kamar ka miƙa hannu ka taɓa, kana iya cin kusan awa guda kafin ka zagaya ka isa gare ta. Wanda ya fahimci wannan zai daina mafarkin ganin duka tafkunan goma sha ɗaya a tafiya ɗaya. Shawarata ita ce ka zaɓi uku da ke maƙwabtaka, wato Cayuga da Seneca da Keuka, ka kuma tsara kowace rana ta yadda za ka bi gaɓa ɗaya daga wannan kai zuwa wancan, ba tare da komawa baya ba.

Mataki na biyu shi ne zaɓen lokaci. Daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Oktoba ne yankin yake buɗe sosai, domin ana rufe shahararriyar hanyar ƙafa ta cikin kwazazzabon Watkins Glen a lokacin hunturu saboda ƙanƙara. Mai son ganin magangarun ruwa da ƙarfinsu ya je a Mayu ko Yuni, don kuwa zuwa ƙarshen Agusta wasunsu kan ragu su zama kamar zare. Mai son ganin inabi ya nuna a jikin kurangarsa ya jira Satumba, sannan a farkon Oktoba zuwa tsakiyarsa ganyen itatuwa kan rikiɗe ya koma ja da ruwan ɗorawa, wanda a ganina shi ne lokacin da ya fi kowane kyau, ko da yake shi ne kuma lokacin da ɗakunan otal suka fi tsada a ranakun Asabar da Lahadi. Ka kauce wa ƙarshen Mayu a garin Ithaca, lokacin yaye ɗaliban Jami'ar Cornell, da kuma makon babban tseren motoci a Watkins Glen, sai fa idan ka kama ɗaki tun da watanni.

Na uku shi ne mota. Motocin haya masu ɗaukar fasinja ba sa bin waɗannan ƙauyuka yadda za su yi maka amfani, don haka ko dai ka zo da taka, ko ka ɗauki haya daga birnin New York ko daga filin jirgin saman Syracuse ko Rochester. Kamfanonin hayar mota kan nemi katin banki na bashi, kuma suna ƙara kuɗi ga direban da bai kai shekara 25 ba. Ka tambaye su tun a kan kanta yadda ake biyan kuɗin hanya, domin tun daga Nuwamban 2020 babbar hanyar Thruway ta daina karɓar tsabar kuɗi. Na'urar E-ZPass ce ke biya, ko kuma kyamara ta ɗauki lambar motar a aiko da takardar biya daga baya. Allunan hanya da mil suke lissafi, kowane mil kuma ya ɗan haura kilomita ɗaya da rabi.

Mataki na huɗu shi ne masauki, kuma a nan ba na ganin amfanin sauya otal kowane dare. Kwana ɗaya a Ithaca, a ƙarshen kudu na tafkin Cayuga, da kwana uku a Watkins Glen, a ƙarshen kudu na Seneca, sun wadatar.

Mataki na biyar shi ne rabon ranaku, wanda shi ne ƙashin bayan shirin. Ranar farko ta tuƙi ce, don haka kada ka ɗora mata kaya da yawa. Idan ka isa Ithaca da la'asar, ka hau tudun da Jami'ar Cornell take, wadda aka kafa a 1865, ka kalli tafkin daga sama, ka koma ka huta. Rana ta biyu ka yi sammako zuwa magangarar ruwa ta Taughannock, wadda ruwanta ke zubowa daga tsayin mita 66, abin da ya ɗara na shahararriyar magangarar Niagara da kimanin mita goma, ko da yake ba ta kusa da ita a faɗi ko yawan ruwa. Hanyar ƙafa zuwa gindinta shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta fi kilomita ɗaya da 'yan kai ba, tsoho da yaro duk za su iya. Daga can ka bi hanya mai lamba 89 a gaɓar yamma ta Cayuga har zuwa garin Seneca Falls, inda aka yi taron farko na neman haƙƙin mata a Amurka a ranakun 19 da 20 ga Yulin 1848. Mai sha'awar tarihin bayi zai iya ratsewa gabas zuwa Auburn, garin da Harriet Tubman, matar da ta tsere daga bauta ta kuma taimaka wa wasu bayi tserewa, ta zauna har ta rasu a 1913, amma ya sani wannan ratse zai ci masa awa biyu ko fiye. Da yamma ka wuce Geneva, ka gangaro ta hanya mai lamba 14 zuwa Watkins Glen, tafkin Seneca yana hagunka.

Rana ta uku ta kwazazzabon Watkins Glen ce, inda rafi ya tsaga dutse ya bar magangaru 19 a jere, ana bi ta gefensu, wani wurin ma ta bayan ruwan, a kan matakala fiye da 800. Ka shiga da sassafe kafin manyan motocin 'yan yawon buɗe ido su iso, ka sa takalmi mai riƙe ƙasa domin duwatsun a jiƙe suke koyaushe, kuma kada ka ɗauko keken tura jariri. Goyo ya fi. Bayan azahar, tuƙin rabin awa zai kai ka garin Corning, inda gidan tarihin gilashi da aka buɗe a 1951 yake, kuma a can za ka ga masu sana'ar suna hura narkakken gilashi a gaban jama'a. Rana ta huɗu ka nufi Hammondsport a bakin tafkin Keuka, wanda ya rabu biyu kamar gwafa, ka ziyarci gidan tarihin Glenn Curtiss, ɗan garin da ya kasance cikin magabatan ƙera jiragen sama, sannan ka bi gaɓar yamma ta hanyar 54A. Rana ta biyar ta komawa gida ce.

Mataki na shida ya shafi gonakin inabin kansu, kuma ya kamata a yi maganarsu a fili, tunda mafi yawan abin da suke nomawa giya ake yi da shi, yawancin masu karanta wannan kuwa ba sa sha. Wanda bai ga dacewar shiga ɗakin ɗanɗana giya ba, babu abin da ya rasa na kallo, domin gonakin a bakin hanya suke, kuma akwai rumfunan manoma da ke sayar da ɗanyen inabi da ruwansa da ba a ruɓar ba, da tuffa da zuma da cuku. A garin Naples, kudu da tafkin Canandaigua, an shahara da gasa wani kek mai cike da inabin Concord, har suna yi masa biki a ƙarshen Satumba. Idan za ka saya, ka tambaya ko da man shanu aka kwaɓa fulawar ko da kitsen alade, haka kuma idan an miƙo maka ruwan tuffa ka tabbatar ba mai sa maye ba ne, don sunansu kusan ɗaya ne a Turance. Abin da ya fi ba ni sha'awa a nan shi ne hikimar noman. Zurfin Seneca ya kai mita 188, wanda ya sa da wuya ya daskare, don haka ruwan yana riƙe ɗumin bazara ya saki a hankali cikin hunturu, yana kare kurangar da ke gangarensa daga sanyin da zai kashe ta a wani wuri mai nisan 'yan kilomita kaɗan. Konstantin Frank, masanin tsirrai haifaffen Yukren wanda ya iso Amurka a 1951, shi ne ya nuna cewa irin inabin Turai zai rayu a nan idan aka aura shi da saiwa mai jure sanyi, ya kuma kafa gonarsa a saman Keuka a 1962. Idan akwai mai sha a cikin ayarin, kada sitiyari ya shiga hannunsa, domin dokar jihar tana hukunta tuƙi cikin maye da tsanani.

Na ƙarshe shi ne guzuri da ibada. Manyan masallatai da shagunan naman halal suna Syracuse da Rochester, don haka ka cika kularka da abinci kafin ka shiga ƙauyuka, ka riƙa ƙarawa a manyan kantunan Wegmans da ke Ithaca da Geneva da Corning. Ka tafi da darduma da buta. Alƙibla daga wannan yanki arewa maso gabas take, kuma a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara saura kwata na dare, abin da ya kamata ka sa a lissafin magariba. Ka sauke taswirar yankin a wayarka tun kana otal, saboda sabis kan ɗauke a cikin kwazazzabai. A kewayen Penn Yan, arewa da Keuka, za ka haɗu da kekunan doki na manoman Mennonite, wata ɗariƙar Kirista, suna tafiya a gefen kwalta, sai ka rage gudu ka ba su fili ba tare da danna oda ba, kuma da almuru ka sa ido sosai, domin a lokacin ne barewa ke tsallaka titi, kuma idan ɗaya ta wuce, sau da yawa akwai wata a bayanta.