Yadda ake lissafin ranar da sabon fim zai iso gida, da yadda ake karɓar hayarsa ba tare da asara ba

Tun zamanin kaset nake harkar hayar finafinai a Gusau, kuma kuskuren da na fi gani wurin yaran da ke shigowa sana'ar bai canja ba, ko da yake kaset ya ba faifai wuri, faifai kuma ya ba waya. Yaro zai ga tallar fim ɗauke da ranar fitowa, ya yi wa masu zuwa shagonsa alkawari, ranar ta zo ta wuce babu fim, ƙarshe kunya ta sa ya nemo wanda aka ɗauka da kyamara a cikin sinima, mai duhu, ana jin tarin mutane, kan wani yana gittawa. Wannan satar fasaha ce, kuma wanda ka ba irinsa sau ɗaya ba zai ƙara yarda da kai ba. Ranar da ke jikin talla ta sinima ce, mu kuwa ta gida muke jira, kuma tsakaninsu akwai tazarar da kamfanoni suka tsara da gangan domin kowace kasuwa ta ci rabonta kafin ta bayanta ta buɗe.

Abin da za ka fara yi shi ne ka nemo ainihin ranar da fim ɗin ya shiga sinima a ƙasar da aka shirya shi, domin daga nan ake soma ƙirga. Ranar bikin nuna shi ga manyan baƙi ba ta cikin lissafi, haka ma ranar da aka saki tallarsa. Shafin IMDb, mai tattara bayanan finafinai a intanet, yana jera ranakun fitowa ƙasa bayan ƙasa, kuma a Amurka da Indiya galibi ranar Juma'a ce. Ka rubuta ta a littafi. Ni ban yarda da mai shagon da ba shi da littafin ranaku ba, komai kyawun wayarsa.

Daga nan sai ka duba kamfanin da ke rarraba fim ɗin, domin tsawon tazarar a hannunsa take. A zamanin kaset, fim ɗin Amurka yakan yi kusan wata shida kafin ya shigo gida, daga baya abin ya sauko zuwa wajen kwana 90, ya daɗe a haka har annobar korona ta rufe gidajen sinima a 2020. A watan Yulin shekarar ne kamfanin Universal ya yi yarjejeniya da gidajen sinima na AMC cewa zai iya kai fim gida bayan kwana 17 kacal, sannan aka ƙara sharaɗin cewa wanda ya tara dala miliyan 50 ko fiye a ƙarshen makonsa na farko sai ya kai kwana 31. Warner Bros kuwa ya saki finafinansa na 2021 a sinima da dandalinsa na intanet HBO Max rana ɗaya, kafin ya koma kan kwana 45, adadin da kamfanoni da dama suka riƙe. Saboda haka idan fim ɗin Amurka ne, ka ɗora kwana 45 a kan ranar da ka rubuta, ka san cewa wanda bai yi kasuwa ba zai riga haka isowa, wanda ya ja jama'a kuma za a riƙe shi har ya wuce wata biyu ko uku. Finafinan Indiya, waɗanda su aka fi tambaya a nan, na harshen Hindi mako takwas suka saba yi, na kudancin ƙasar kuwa da yawansu mako huɗu ya ishe su. A Faransa doka ce ma ta tsara abin, inda faifai da haya sai bayan wata huɗu.

Sai ka tantance ƙofar da kake magana a kai, don kalmar "ya fito" ba abu guda take nufi ba. Da farko ana buɗe saye da haya mai tsada ta intanet, wadda a Amurka ta saba kamawa dala 19.99. Bayan wasu makonni farashin haya ya faɗo zuwa wajen dala 6, faifai ma ya shiga kasuwa a daidai wannan tsakani. Can daga baya ne fim ɗin ke shiga dandalin da ake biyan kuɗin wata, sai tashoshin talabijin su zo a ƙarshe. Jinkirta haya ba sabon abu ba ne, domin a 2010 Warner Bros ya sa Netflix da Redbox, masu ba da hayar faifai a wancan lokaci, jiran kwana 28 kafin su ba da hayar sabon faifai, don masu saye su fara saye. Shawarata kullum ita ce kada mutum ya taɓa hayar farko. Dala ashirin a canjin yau cefanen kwanaki ne, kuma fim ɗin ba ya canja kama don ka yi haƙurin mako uku.

Ko ranar ta cika, ka tabbata Najeriya na cikin ƙasashen da aka buɗe wa. Haƙƙin nuna fim ƙasa-ƙasa ake sayar da shi, shi ya sa ɗan'uwanka da ke Ingila zai ce maka ya kalla, kai kuwa ka bincika ka tarar babu. Ka buɗe dandalin da asusunka na nan gida, ka ga ko akwai wurin danna haya, ka kuma gwada katinka, tun da ba kowane katin naira ne ke biyan dala ba. Netflix ba ya ba da hayar fim ɗaya-ɗaya, kuɗin wata kawai yake karɓa, kuma finafinan da ya shirya da kansa sukan fito da sha biyun daren yammacin Amurka, wato ƙarfe takwas ko tara na safe a agogonmu.

Yanzu ga wurin da ni kaina na sha ƙasa. Yawancin dandalin haya agogo biyu suke kunna maka. Na farko kwana 30 ne daga ranar da ka biya, a cikinsu kana da damar fara kallo duk lokacin da ka ga dama. Na biyu awa 48 ne, kuma yana tashi ne daga daƙiƙar da ka danna kunnawa, ko da minti ɗaya ka kalla. Wata Alhamis da yamma na biya hayar wani fim da nufin mu kalla da iyali daren Asabar, lokacin da 'ya'yan ƙanwata za su zo daga Ƙauran Namoda. Da na biya sai ɗabi'ar mai kaset ta motsa, domin mu a da ba ma miƙa wa mutum kaset sai mun zura shi a bidiyo mun ga hoto ya tsaya. Na kunna bayan la'asar, na ga hoto tas, murya garau, na kashe. Daren Asabar bayan isha'i aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka tayar da janareta, na zuba masa mai na musamman saboda wannan zama, na danna, sai ga rubutu cewa wa'adin haya ya ƙare tun la'asar. Ƙaramin cikinsu ya dube ni ya ce, "Kawu, ba kai ka ce yau za mu yi kallo ba?" Dole na sake biya.

Don haka kada ka gwada fim ɗin haya. Idan kana son ganin ƙarfin intanet ɗinka, ka gwada da tallar fim ɗin, wadda kyauta ce. Idan dandalin ya yarda a sauke fim a waya, ka sauke shi tun da wuri, da dare lokacin da layi ya yi sauƙi, amma kada ka buɗe shi, domin a yawancinsu saukewa ba ta tayar da agogo na biyu. Ka karanta sharaɗin kafin ka biya, saboda wasu awa 24 kawai suke bayarwa. Ka kuma yi lissafin wuta da data tun kafin ka danna: hoto mai kaifi yana iya cin gigabait uku a awa ɗaya, matsakaici kuwa wajen ɗaya, kuma fim ɗin Indiya mai awa uku idan wuta ta ɗauke a tsakiyarsa, agogon ba ya jiran ta dawo. Ni a yanzu ba na kunna fim ɗin haya sai kowa ya zauna.

Wannan hayar ta kallon gida ce, ba ta ba ka izinin haska shi a gidan kallo kana karɓar kuɗin ƙofa ba, kuma ba ta ba ka izinin tura wa mutane a waya ba.

Mai son faifai ya duba lambar yanki a bayan kwalin, wadda ke nuna ɓangaren duniyar da na'urorinsa za su iya karanta faifan. Najeriya tana yanki na 5 a DVD tare da Indiya, Amurka tana na 1, a Blu-ray kuwa muna yankin B. Na'urori masu araha da yawa suna karanta kowanne, amma ka gwada taka kafin ka yi oda mai yawa.

Finafinan Hausa ba su da tsayayyar tazara. A da daga kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano kaya ke tasowa, mu jira mota ta sauke mana a Gusau. Yanzu wani furodusan yakan haska a sinima a Kano lokacin bikin Sallah ya riƙe fim ɗin watanni, wani ya kai shi manhaja, masu dogon zango kuma su riƙa saki mako-mako a YouTube ko Arewa24. A nan lissafin kwanaki ba ya aiki, sai dai ka bi sanarwar furodusan a shafinsa, kuma idan ya ce "nan ba da jimawa ba", kada ka rubuta komai a littafinka sai ya faɗi rana.