Man da ya dace da injin ƙaramin jirgi mai bugu huɗu

Wata Juma'a bayan asuba, a filin da muke tashin ƙananan jiragenmu na wasa da ake sarrafawa da rimot a bayan garin Jidda, ɗan ƙanwata ya zo da galan yana murna. "Kawu, na samo mai naitiro 25, yau za ka ga gudu." Na karɓa na juya bayan galan ɗin, na ga hoton ƙaramar motar tsere. Na ce, "Ɗana, wannan ba zai shiga injinka ba." Shekaru kusan takwas da suka wuce ni ma irinsa aka sayar mini a wani kanti, kuma kafin wata biyu boris ɗin injina ya fara kuka. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na sani, don 'yan uwanmu da ke shiga wannan harka a Jidda da Makka da Riyad.

Man waɗannan injuna abu uku ne aka haɗa: metanol, wanda shi ne ke ci da wuta, naitiro mai ƙara ƙarfi, sai man da ke sa ƙarafa santsi, wanda zan kira maiƙo don kada mu rikice. Masu kanti da naitiro suke talla, shi ne suke rubutawa da manyan lambobi. Ni kuwa maiƙon nake fara dubawa, kuma in ban ga kason da aka rubuta a jiki ba, ajiye galan ɗin nake yi.

Ga dalili. Injin mota yana da kaskon baƙin mai a ƙasa da famfo mai zagaya shi. Injin ƙaramin jirgi ba shi da ko ɗaya. A mai bugu biyu, man yana ratsa cikin akwatin injin kafin ya ƙone, yana wanke komai a hanya. A yawancin masu bugu huɗu kuwa, daga kafireto kai tsaye yake shiga ta bawul zuwa saman fistan. To ƙaranshaf da boris da ke ƙasa fa? Ɗan maiƙon da ya sulale ta gefen ringi shi kaɗai ne rabonsu. Idan dama kaɗan ne a cikin man, sai ka lissafa abin da zai isa ƙasa. Kamfanin O.S. na Japan, wanda ya fitar da FS-60 a 1976 ya buɗe wa mai bugu huɗu kasuwa, yana cewa kada maiƙo ya gaza kashi 18 cikin 100. Kamfanin Saito ya fi son kusan 20. Man motocin tsere sau da yawa bai wuce 8 zuwa 12 ba, saboda ita mota ana taka ta ana saki, jirgi kuwa minti goma yana sama yana jan farfela ba hutu.

Idan maiƙon man da ka samu kashi 16 ne, bai lalace ba. Galan ɗin Amurka lita 3.8 ne, ƙara masa mililita 90 zuwa 100 na man zurma na inji, ka girgiza sosai, ya kai 18.

Maganar man zurma, wato cika-gida, ita ce ake yawan musu a kanta a fili. Amfaninsa shi ne ba ya gudu idan inji ya yi zafi fiye da kima, sai ma ya ƙara kauri ya manne wa ƙarfe, kuma yana tsare boris daga tsatsa. Illarsa, yana barin baƙin dauɗa a kan bawul ɗin fitar hayaƙi, a hankali bawul ya daina rufuwa daidai, inji ya rasa matsi. Maiƙon haɗin masana'anta kuma yana ƙonewa fes, amma ranar da ka matse allura da yawa, wato allurar kafireto mai saita yawan man da ke shiga inji, sai ya ƙone ya bar ƙarfe tsirara. A ƙasa mai sanyi mutum zai iya zama da na haɗin zalla, irin Cool Power. A nan da ake tashi da zafin da ya haura digiri 35 tun hantsi, ni gauraye nake saye: mafi yawa na haɗi, da kashi 2 zuwa 4 na zurma. Zurma zalla ba na ba kowa shawararsa a mai bugu huɗu.

Naitiro ba ya buƙatar dogon bayani. Kashi 10 zuwa 15 ya isa O.S. da Saito. Tunda wuta sau ɗaya take tashi a kowane juyi biyu, filogi, wanda zafin ɗan zaren ƙarfen cikinsa ne ke kunna mai, yana samun lokacin hucewa, naitiro ke taimaka masa ya riƙe silo kada inji ya mutu kana shirin sauka. Ƙasa da 10 za ka sha wahalar silo, sama da 15 kuɗi kawai kake ƙonawa, sai dai in injinka na kamfanin YS ne, wanda aka ƙera don 20 ko fiye. Ka haɗa da filogin da aka yi don bugu huɗu, irin O.S. F. Wanda zai hau da jirginsa Ɗa'if ko Abha ya tuna iskar can ba ta da kauri, Abha ta haura mita 2,000, dole ya sake saita allura, kuma 15 ta fi 10 amfani a wurin.

Sai abin da ya fi ɓata wa mutanen Jidda mai: laima. Metanol yana zuƙar ruwa daga iska. Galan da aka bari a buɗe a daren Agusta kusa da teku, ko wanda ya rage rabi aka ajiye shi wata shida, ruwa ya shige shi. Alamarsa, inji zai tashi lafiya, da ka cire batirin filogi sai ya fara tari ya mutu. Na ga mutane suna canza filogi uku suna zargin kafireto, alhali man ne. Ni nakan raba sabon galan cikin ƙananan gorunan da aka yi don mai, in cika su har wuya, in ɗauki ɗaya zuwa fili. Rufe murfi da ka gama cika tanki. Kada ka bar shi a but ɗin mota da azahar, metanol yana tafasa a wajen digiri 65. Guba ne da ke makantar da mutum idan ya sha, harshen wutarsa kuma da ƙyar ake gani da rana, don haka kada a zuba shi a gorar ruwan sha, kada a ajiye inda yara ke kaiwa. Ba a kuma ɗaukarsa a kayan jirgin fasinja, kada ka ɗora wa mai dawowa daga Dubai.

Man da ya fi kyau ma ba zai ceci injin da aka matse wa allura ba. Buɗe wuta gaba ɗaya, rufe allura a hankali har juyi ya kai ƙololuwa, sannan ka sake buɗewa ya sauka da 200 zuwa 300 a minti. Kunne yana ruɗuwa da ƙarar mai bugu huɗu, ka nemi na'urar auna juyi. Ka ga ɗan hayaƙi yana bin jirgi. Idan mai ya yi masa kaɗan yakan yi tutsu ya kwance farfela ya jefar, saboda haka kowa ya tsaya a bayanta.

In injinka na fetur ne, irin jerin FG na Saito, duk wannan bai shafe ka ba: fetur ɗin gidan mai da maiƙon haɗi, 20 da 1, da tiyon Tygon, domin na silikon kumbura yake yi a fetur.

Da an gama tashi, zuƙe ragowar man tanki, cire tiyo, kunna injin har ya ƙone abin da ya rage ya mutu da kansa. Ragowar naitiro da ruwa su ke cin boris yana ajiye. Ɗiga man ajiyar inji kaɗan ta bututun numfashi da ke ƙasan akwati, juya farfela da hannu sau goma, ka toshe bakin kafireto da salansa da tsumma saboda ƙura.