Koyar da kimiyya ta hanyar ƙagaggun labarai

Malam, idan kana koyarwa a sakandare a Gombe, kada ka miƙa wa ɗalibai littafin ƙagaggen labarin kimiyya sukutum. Darasin minti 40 ba zai ɗauke shi ba. Zaɓi shafi ɗaya ko biyu inda marubucin ya faɗi abin da za a iya aunawa, ka karanta musu cikin minti 10, kana fassarawa da Hausa inda Turancin ya yi tsauri.

A ce jarumin labarin yana duniyar Mas, yana hira da mutanen gida ta rediyo, suna amsa masa nan take. Rubuta a allo cewa saƙon rediyo yana tafiya da gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Ba su nisan Mas lokacin da ta fi matsowa kusa da mu, wajen kilomita miliyan 56, su raba shi da gudun hasken da kansu. Za su samu sama da minti 3, zuwa kaɗai, ban da dawowa. Bar su su gano kuskuren marubucin, kada ka riga su faɗa, domin a nan karatun yake zama.

Inda ake samun matsala shi ne lokacin jarrabawa: yaro ya rubuto abin da labari ya ce a matsayin gaskiya, saboda labari ya fi lissafi maƙalewa a ka. Don haka kowa ya ja layi ya raba shafinsa biyu, gefe guda abin da labari ya ce, ɗaya gefen abin da lissafi ya nuna. Duba littattafansu kafin a tashi.