Yadda Ake Tsira Daga Haɗarin Kogi Lokacin Da Dusar Ƙanƙara Ke Narkewa

Wanda ya saba ganin ambaliya bayan hadari da tsawa zai sha mamaki a yankunan da dusar ƙanƙara ke lulluɓe duwatsu, kamar Alps a Turai, Himalaya a Asiya da Rocky a Amurka. A can rana ce ke kawo ruwa. Daga Afrilu zuwa Yuni, dusar da ta taru duk tsawon hunturu takan narke ta gangaro, sai ka ga kogi ya cika ya batse alhali sama garau take.

Abu na farko, ka duba hasashen yanayi na can saman dutse, ba na inda kake tsaye kaɗai ba. Kwana biyu ko uku na ɗumi a jere sun isa su tayar da ruwa. Mafi muni shi ne ruwan sama ya sauka a kan dusar, domin yana hanzarta narkewarta. Haka ta faru a gandun Yellowstone na Amurka a watan Yunin 2022: ruwa ya cinye hanyoyi da gadoji, har aka rufe duk ƙofofin shiga gandun.

Sai kuma lokaci. Irin wannan kogi yana da agogonsa. Da sassafe yakan ja baya saboda sanyin dare ya rage narkewa, da yamma kuma ya kumbura, wani wurin ma sai cikin dare. Rafin da ka tsallaka da hantsi ruwa iya idon sawu, da la'asar zai iya kai maka ƙugu. Saboda haka kada ka kafa tanti a gaɓa, hau tudu. Ka kafa tsinke a bakin ruwa ka riƙa leƙawa; in ruwan ya haye shi, ko ya yi jajir yana ɗauko rassa, ka tattara kayanka.

In tsallakawa ta zama dole, nemi inda kogin ya yi faɗi ya baje, ka kwance maɗaurin jakarka na ƙugu, ka dogara sanda, ka fuskanci inda ruwan ke fitowa. Ya wuce gwiwa? Koma. Ruwa mai gudu santimita 15 kacal yana kayar da babban mutum, 30 kuma yana ɗaga ƙaramar mota, don haka kada ka tura mota kan hanyar da ruwa ya shanye.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne sanyin. Wannan ruwa jiya ƙanƙara ne, kuma ruwa na zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. Da faɗawarka numfashi zai ƙwace maka, ka ja shi da ƙarfi ba da sonka ba, in kanka na ƙasa ka shaƙi ruwa. Minti na farko na daidaita numfashi ne kawai. Bayan kamar minti 10 yatsu sun sandare, ko igiya ba ka iya riƙewa. An ce iya ruwa fidda kai, amma a nan gwanin ninƙaya ma rigar ceto ce ke fidda shi.

In ruwa ya tafi da kai, kwanta rigingine, ƙafafu a gaba suna tokare duwatsu. Kada ka yi yunƙurin miƙewa tsaye a tsakiyar gudu, ƙafa na iya maƙalewa tsakanin duwatsu ruwa ya danne ka. Ka guji bishiyar da ta faɗi cikin kogi: ruwa na ratsa rassanta ya wuce, mutum kuwa ya maƙale.

In wani ne ya faɗa, kada ka bi shi. Kira jami'an agaji, jefa masa igiya ko ka miƙa doguwar sanda kana kwance a gaɓa. Da an fito da shi a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a fara ɗumama ƙirji da ciki a hankali, sannan a kai shi asibiti ko da ya ce ya warware.