Yadda nake bin sabbin komik na ranar Laraba har in faɗi ra'ayina

Duk wanda ya sanni ya san bana wasa da Laraba, don ita ce ranar da sabbin komik, wato littattafan labari na zane, ke fita a Amurka, kamfanonin Marvel da DC da Image duk rana ɗaya. DC ma sun taɓa komawa Talata a 2020 lokacin da suka raba gari da Diamond, kamfanin da ke raba musu kaya a shaguna a wancan lokacin, amma a 2024 suka dawo Laraba. Abokai na yawan tambayata wai ya nake yi kafin Juma'a na riga na karanta har na rubuta abin da na gani, toh ga yadda abin yake.

Tun Litinin nake duba abin da zai fito, shafin intanet na League of Comic Geeks nake amfani da shi, suna jera komai na makon. Ka zaɓi guda uku, in ka matsa huɗu, kar ka wuce haka ɗan'uwa, saboda yawancinsu dala 3.99 ne ko 4.99 kuma labarin ciki baya wuce shafi 20 zuwa 22, in ka juya kuɗin zuwa naira kai da kanka zaka ja birki. A can mutum yana da shagonsa da ke ajiye masa nasa duk mako, pul lis suke ce wa abin, ni dai a waya nake karantawa ta manhajar Kindle tunda aka haɗe manhajar komik ta Comixology a ciki a ƙarshen 2023. Wanda ke da haƙuri kuma Marvel Unlimited, inda ake biyan kuɗin wata a karanta komik ɗin Marvel, ya fi masa sauƙi, sai dai sabuwar fitowa sai bayan wata uku take shiga.

Wajen zaɓe kar ka bi sunan jarumi, ka bi sunan marubuci da mai zane. Batman ɗin da kake so a hannun wani marubuci zai sa ka kasa bacci, a hannun wani kuma ko shafi biyar ba zaka kai ba. Kuma bango yana ruɗi sosai, sau da yawa wanda ya zana bangon daban wanda ya zana ciki daban, wani lokacin fitowa ɗaya ma bango kala-kala ake mata don masu tarawa, ciki kuwa duk abu ɗaya ne. Ka duba shafukan gwaji da kamfanin ke saki kafin ka biya.

Yanzu ga inda na fi damuwa, ka karanta sau biyu. Na farko ka bi labari kawai yadda ranka ke so, ka ji daɗinka. Sai ka ajiye wayar, ka sha shayi ko ka je sallah ka dawo, sannan ka sake buɗewa amma wannan karon kar ka karanta ko kalma ɗaya, hoto zalla zaka bi. Wallahi a nan ne zaka gane ko mai zanen ya iya aikinsa, in ka fahimci waye ya naushi wa, waye ke tsoro, ina aka dosa, ba tare da rubutu ba, toh gwani ne. In kuma sai da ka koma kan magana sannan ka gane abin da ke faruwa, akwai matsala komai kyan hoton. Ka lura da mai saka kala shima, mutane basa yaba masa alhali shi ke sa dare ya zama dare, shi ke sa ka ji zafin wuta. Wani abu kuma, ka daina barin manhaja tana nuna maka hoto ɗaya-ɗaya, ka buɗe shafi cikakke ko da zaka riƙa zuƙowa da yatsa, don an tsara abin ne yadda abin mamaki zai faɗo maka daidai lokacin da ka juya shafi, in aka yanka maka shi gutsi-gutsi wannan bugun zuciyar ya tafi.

Kafin ka leƙa X ko YouTube ka rubuta naka tukuna, ko layi huɗu ne, wane shafi ne ya tsaya maka a rai, ina ne ka ji an ja labari ba dalili, zaka sayi ta gaba ko a'a. Da zarar ka ji bakin wasu naka ya gurɓace. Kuma dan Allah kar ka fasa ƙwai, wani sai ƙarshen wata zai samu kuɗin saye, in dole sai ka faɗi wanda ya mutu toh ka yi gargaɗi a sama.

Bana yanke wa sabon labari hukunci sai na karanta fitowa uku, don yanzu yawanci ana rubuta su ne yadda biyar ko shida zasu haɗu su zama littafi ɗaya, ta farko shimfiɗa ce kawai. Amma waɗannan ƙananan fitowar da kamfani ke liƙa wa babban labarin rikicin jarumai na shekara don a sa ka sayi komai, tsallake su nake yi, babban labarin ya isheni.

Makon da aljihu ya bushe kuma ina komawa kamfanin Comic Republic na Legas, wanda Jide Martin ya kafa a 2013, masu jarumi Guardian Prime, suna saka nasu kyauta a shafinsu, kuma karatu biyun nan nake musu su ma.